Wasiyyar Kakana a Kan Dokinsa

Kafin in fara, gara in faɗi cewa ban amince da tunanina gaba ɗaya ba. Wasu abubuwan da zan rubuta na gan su da idona, wasu a bakin mahaifiyata na ji, wasu kuma marigayin ne ya ba ni labari, shi kuwa ba mutum ne da ake ce wa ya maimaita ba. Mai yiwuwa na haɗa kwana biyu sun zama ɗaya, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Tarihi na karanta a jami'a, an koya mini kada in rubuta abin da ba ni da shaidu biyu a kansa. Da zan bi wannan ƙa'ida a nan, da ko shafi ɗaya ba zan cika ba.

Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya rasu a gidansa na Sabon Gari, nan Maradi, wata Talata da hantsi. Shekarunsa sun kusa casa'in, ba wanda ya san su daidai. A ƙuruciyarsa gardi ne mai doki, cikin rundunar da gwamnati ke aikawa ƙauyuka da bakin iyaka kamun ɓarayin shanu da 'yan fasa-ƙwauri, tun ƙarshen zamanin Nasara har bayan tafiyarsu. Sunan aikin ya bi shi har kabari, kowa Gardi yake ce masa. Ya bar gida, ya bar 'ya'ya da jikoki, ya bar tsohon doki kili guda ɗaya. Ni kuma ya bar mini wasiyya, ni kaɗai: in ya mutu a harbe dokin, ni zan riƙe ragama. Wannan wasiyya ce ta sa ni rubutu, ko da yake ina so a tuna da shi gaba ɗayansa, ba ita kaɗai ba.

Zaman makoki ya cika, amma ban ga kuka da yawa ba. Mahaifiyata ta yi hawaye ranar farko, da na je ba ta haƙuri sai ta ce, "Ni ban sani ba ko shi nake wa kuka ko mu." Kawuna, babban ɗansa, yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida da fuskar wanda ya sauke kaya. Maƙwabta kuma na lura suna neman abin da za su faɗa. Wani ya ce Gardi ba ya ƙarya. Wani ya ce bai taɓa cin na kowa ba. Duka gaskiya ne, kuma daga nan maganar ke tsayawa.

Rana ta biyu wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu, ya ce daga Tsibiri yake. Ya zauna, aka yi addu'a da shi, ya shafa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mana wuyan hannuwansa biyu. Kowanne da tabo zagaye, fari, kamar an sa masa munduwa.

"Ku ne ɗiyan Gardi?" in ji shi. "Na zo in tabbatar ne."

Kawuna ya ce, "Ka tabbatar da mi, Baba?"

"Da ya mutu."

Ya ba mu labari ba tare da ɗaga murya ba. Yana saurayi aka ce shi ya saci wani bijimi. Gardi ya zo ya ɗaure masa hannu da igiya, ya ɗaura igiyar a sirdi, ya taho da shi daga Tsibiri har Maradi dokin na sassarfa. In ya faɗi ba a tsayawa, sai dai ya yi ta kansa ya tashi. Bayan kwana uku aka ga bijimin yana kiwo a fadama, ba wanda ya sace shi.

"Da aka sake ni, kun san abin da ya ce mani? Ya ce in gode ma Allah ran nan dokin ya gaji."

Liman ya ce, "To Malam, yanzu dai yana gaban Ubangijinsa. A yafe masa."

"Na yi tafiya mai nisa, Liman. A ba ni ruwa tukuna."

Aka ba shi, ya shanye, ya yi sallama ya tafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ba ni da wata shaida a kan labarinsa sai tabon nan, amma ba wanda ya musa a cikinmu, don mun san wanda muka binne.

A gidansa doki ke fara ci. Da asuba in ya dawo masallaci sai ya nufi turke, ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa baya yana neman kumburi, ya zuba dusa da kanwa, sannan ya amsa gaisuwar mutane. Mahaifiyata ta ce a wata shekarar yunwa, tana yarinya, su suna shan kunu sau ɗaya a yini, dokin wancan lokaci kuwa bai taɓa rasa geronsa ba. Wata rana ta ɗebi tafi ɗaya daga akushin dokin ta zuba a baki. Ya gan ta. Ya ɗaure ta a turken, kusa da dokin, daga hantsi har la'asar cikin rana, ya ce tunda abincin doki take so ta zauna wurin doki. Kawuna kuma har yau yana ɗan ɗingishi, tun ranar da ya hau dokin ba izini aka jawo shi ƙasa ta ƙafa ɗaya. In aka yi wa Kaka maganar irin waɗannan abubuwa, amsarsa ɗaya ce: "Doki bai taɓa yi mani ƙarya ba. Ku fa?"

Alherinsa da na tabbatar guda ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Yana da 'yar gona a Jiratawa. Wata rana maciji ya sari wani saurayi a gonar da ke kusa da tasa, mutane suka tsaya ana neman mai magani. Kaka ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ya ɗora saurayin a gabansa, ya yi sukuwa da shi har gidan likita a Maradi. Ya rayu. Yanzu magidanci ne mai furfura, yana noman zogale da tattasai, kuma duk shekara sai ya kawo wa Kaka harawa. Kaka bai taɓa yi masa godiya ba. Cewa yake, "Saboda kai dokina ya yi mako yana ɗingishi."

Abin da ya raba shi da aiki shi ne zuwan motoci. Aka ce an rushe rundunar masu doki, za a sayar da dawakin ga duk mai so, galibi masu amalanke. Su kuwa gardawan suna da ƙa'idarsu wadda ba a rubuce take ba: dokin gardi ba ya jan amalanke, kuma in ya karye ko ya tsufa, mai shi zai riƙe ragama, abokin aikinsa ya harbe shi a bayan kunne. Kaka ya ce shi da wasu 'yan kaɗan suka kai nasu bakin Gulbi. Da aka zo yi, sauran suka kasa. Shi ya harbe nasu ɗaya bayan ɗaya suna riƙe, sannan ya nemi wanda zai harbi nasa ya rasa, ya riƙe ragama da hagu ya harba da dama. Wani lokaci yakan ce biyar ne, wani lokaci bakwai. Aka kore shi don ya ɓarnatar da dukiyar gwamnati. A gari aka daɗe ana nuna shi, ana cewa ga wanda ya kashe dabbobin da ba su yi masa komai ba. Daga baya ya shiga kasuwanci kaɗan-kaɗan, duk abin da ya samu doki yake saye. Kilin nan shi ne na ƙarshe.

Yanzu na zo inda nake da hannu.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai na zo hutu, lokacin ina rubutu a kan sojan doki a yaƙin duniya na farko. Na tarar da shi zaune kusa da turke.

"Ɗan lakkwal, ɗan boko! Mi suka koya maka bana ban da cin shinkafa?"

Na ce, "Labarin irinku, tsoho. Amma su sun yi yaƙi na gaske, ba bin ɓarayin awaki ba."

"Ka ji mara kunya. Su wa?"

Na ba shi labarin wata rundunar sojan doki ta Ostareliya, ƙasa mai nisa a can ƙarshen teku. Na ce manoma ne da makiyaya, an ɗauko su cikin jirgin ruwa tare da dawakinsu aka kawo su Masar, suka yi yaƙi da Turkawa a hamadar da ke tsakanin Masar da Falasɗinu. Ya gyara zama. Tambayoyinsa ba irin na malamaina ba ne. Mi suke ba dawakin? Kwana nawa suke yi ba ruwa? A kan doki suke harbi ko a ƙasa? Na ce galibi doki ke kai su wurin faɗa, sai su sauka su yi harbi, cikin kowane mutum huɗu ɗaya ya tsaya baya riƙe da dawaki.

Ya nuna ni da sandarsa. "Na huɗun nan kai ne."

Na yi dariya, na ci gaba. Na ce da aka gama yaƙi ƙasarsu ta hana a koma da dawakin, don tsoron kada su shigar da cuta. Sai na ƙara abin da na karanta a wani wuri ban bincika ba: na ce kowane soja ya ja dokinsa bayan tudu ya harbe shi da hannunsa, don kada ya faɗa hannun masu wahalar da dabba.

Kaka ya ce, "Sake faɗi."

Na sake. Ya ƙwala wa mahaifiyata kira, ran nan ta zo gaishe shi. "Zo ki ji! Har can ƙarshen duniya haka maza suka yi. Shekara nawa ana ce mani mahaukaci a garin nan?" Ran nan ya miƙo mini tsokar nama daga kwanonsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ɗa ko jika ba. Duk hutun nan, in abokan hirarsa suka taru, sai ya sa a kira ni in maimaita. Na maimaita, kuma ina jin kowane karo ina ƙara masa gishiri.

Da na koma Yamai na zurfafa karatu, sai na ga ba haka abin yake ba, ko aƙalla ba duka ba. Abin da na fahimta shi ne, yawancin dawakin an ba wasu rundunoni ne suka ci gaba da aiki da su. Tsofaffi da marasa lafiya su aka kashe, bisa umarni, likitocin dabbobi na tsaye, har aka aske gashin wuyansu da na wutsiya aka feɗe fatun don a amfana. Maganar kowa ya harbe nasa, masana da dama na ganin labari ne da ya girma a baki bayan an koma gida. Ba na cewa ba wanda ya yi. Amma abin da na faɗa wa Kaka, yadda na faɗe shi, ba ni da hujjarsa.

Sau ɗaya na gwada gyarawa. Na ce, "Kaka, labarin nan na dawaki, wasu masana na cewa wataƙila..."

"Suna wurin aka yi?"

"A'a."

"Kai kana wurin?"

"A'a."

"To na farkon ya fi." Ya juya ya ci gaba da duba kofato. Ni ma ban sake tayar da maganar ba, shekara da shekaru.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni wata rana bayan la'asar, ya kori kowa daga ɗakin. Ya ce ya riga ya gama magana da wani maharbi a Tsibiri, ɗan tsohon abokin aikinsa.

"Kawunka zai sai da shi kafin a naɗe tabarmin makoki. Kai ka san abin da maza ke yi, kai ka karanta. Ka kai shi bakin Gulbi. Ka riƙe ragama gajere, ka rufe mashi ido da tafin hannunka. Kada ka yi mashi magana, in ka yi zai juyo."

Na ce, "To Kaka, in Allah ya yarda za a duba."

"Ba dubawa na ce ba."

Na ce, "To."

Wannan "to" ɗin shi ne maganata ta ƙarshe da shi.

Bayan sadakar bakwai maharbin ya zo, mutum mai ƙarancin magana, bindigarsa naɗe cikin buhu. Na ce ya ba ni mako guda. Na tafi wurin liman na tambaye shi hukunci. Ya ce wasiyyar ba ta da inganci, doki ya zama na magada, kuma kashe dabba mai lafiya ba dalili ɓarna ce. Na yarda da fatawarsa har yanzu. Amma gaskiya ita ce na san amsar tun kafin in je, kuma don ita na je. Da maharbin ya dawo na ce ya ƙara mini mako. Ya dube ni ya ce, "Malam, ba sai na sake zuwa ba. Gardi ya ce mani haka za ka yi."

Sai na nemo hanyar tsakiya, irin wadda na saba nema. Na ce a kai dokin Jiratawa wurin manomin nan da Kaka ya taɓa ceto, ya ci harawa ya huta har ajalinsa ya zo. Manomin ya karɓa da hannu biyu. Kawuna ma bai ja ba, ya ce, "Yadda ka gani, ɗana." Na ja kilin da kaina har can. Na dawo ina jin na fi su duka dabara, ba jini, ba amalanke. Sau biyu na je dubansa. Yana tsaye a inuwa kusa da magudanar ruwa, ya ɗan rame, amma yana ci.

Bayan arba'in aka raba gado, dokin ya faɗa rabon kawuna. Ina wurin aka yi, ban ce komai ba, don na ɗauka magana ce ta takarda kawai. Kwana biyu da rabon, da safe, manomin ya kira ni a waya.

"Kawunka ya zo da wasu mutane sun tafi da shi. Na roƙe shi, ya ce nashi ne. Kuma ba masu amalanke ba ne, masu kamiyo ne, babbar motar kaya."

Na san su. Fatake ne da ke sayen tsofaffin dawaki da jakuna, su loda su a mota su tsallaka iyaka zuwa can kudu mai nisa, inda ake cin namansu. Na hau kabu-kabu zuwa filin da suke lodi a bayan gari. Na tarar da kawuna tsaye a gefe, hannu a baya.

Na ce, "Kawu, ai mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Baba ya ce a kashe shi ka ƙi, ni kuma na ce a sai da shi. Ga shi duka biyun za a yi." Ya dubi dokin. "Shekara sittin dawaki na cin geronmu. Yau dai ɗaya ya ba mu."

An jingina katako daga ƙasa zuwa bayan motar. Kilin ya ƙi hawa. Mutum biyu suka ja shi da igiya ta gaba, ɗaya ya murɗa wutsiya, wani yana dukan fuskarsa da gora. Ya hau rabi, ƙafarsa ta baya ta zame ta shiga tsakanin katako da ƙarfen mota. Na ji ƙarar karyewar daga inda nake. Bai yi haniniya ba, wani irin numfashi ya yi. Suka taru suka ja shi ciki a kwance, ƙafar na reto, suka tura shi jikin bango, sannan suka fara koro jakuna a kansa.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Don Allah ku yi a hankali."

Mai lodin ya share gumi ya ce, "Alhaji, ai ba hawansa za a yi ba. In dai ya kai da rai shi ke nan."

"Kwana nawa ne tafiyar?"

"Uku, in hanya ta yi kyau."

Na tsaya har aka ɗaure ƙofar da igiya motar ta tashi. Ban yi komai ba. Na yi ta tunanin abin da ya kamata in faɗa, da wanda ya kamata in kira, har motar ta hau kwalta.

Ba na cewa Kaka ya yi daidai, a bakin Gulbi ko a wasiyyarsa. Mutum ne da ya cuci mutane da yawa, ciki har da waɗanda suka haife ni suka rene ni, kuma abin da ya hana 'ya'yansa ya ba dawaki. Ina roƙa masa gafarar Allah, ina roƙon waɗanda ya zalunta su yafe in za su iya. Abin da na sani kawai shi ne sau ɗaya a rayuwarsa ya amince da wani a cikinmu, a kan labarin da na san ba daidai ba ne, kuma aikin minti ɗaya da ya ba ni na mai da shi kwana uku.

Duk wanda ya san Gardi, ko ya yi aiki da shi, ko ya ɗanɗana hannunsa, in ya ga kuskure a nan ya sanar da ni ta hannun iyalinmu a Sabon Gari, zan gyara. Wanda ya fi ni sanin tarihin sojan dokin Ostareliya shi ma ya gyara mini, na taɓa kuskure a kansa. In kuma rubutun nan ya kai ga wani da ke cikin motar nan, ina roƙonsa ya gaya mini ko an ba kilin ruwa a hanya, ko da amsar a'a ce.